Tsohon injin wanki mai murfi a sama ya tsaya: a gyara ne ko a sayi wani?

Injin wanki mai murfi a sama da ya shekara 20 ko 30 yana aiki, ran da ya tsaya, hanya huɗu ce gaban mai shi: ya kwance ya gyara da hannunsa, ya kira mai gyara a yi masa garambawul, ya nemo na hannu irinsa, ko ya haƙura ya sayi sabo. Yawancin mutane shekarun injin suke dubawa su yanke hukunci, alhali shekaru ba sa faɗin komai a nan. Akwai injin da ya haura shekara 30 wanda ɗan guntun roba kawai yake buƙata ya koma aiki, akwai kuma ɗan shekara 12 da tsatsa ta riga ta gama da shi. Abin da ya lalace, da irin ginin da aka yi wa injin, su ne za su nuna hanya.

Abin da za a auna

Kowace hanya za a duba ta ta fuska biyar: kuɗin da za ta ci idan aka kwatanta da kuɗin sabon inji, tsawon lokacin da injin zai ƙara yi bayan haka, wahalar aikin da kayan aikin da yake nema, haɗarin da ke ciki (jan wuta, ambaliya a ɗaki, asarar kuɗi), sai kuma ruwa da wutar da zai riƙa ci. Amma waɗannan ma'aunai ba za su yi amfani ba sai an san abu biyu tukuna: wane irin inji ne, kuma me ya same shi.

Wane iri ne naka?

Nemi ƙaramin allon da ke ɗauke da lambar samfuri, yawanci a baya ko a ƙarƙashin murfi, ka ɗauki hotonsa. Da wannan lamba ake sayen kayan gyara, ba da sunan kamfani kaɗai ba. Sannan ka jingina injin baya kaɗan ka leƙa ƙarƙashinsa.

Idan babu bel ko ɗaya, moto yana kwance yana haɗe da giyabos kai tsaye, famfon fitar da ruwa kuma yana manne a ɗaya bakin moton, wannan ƙirar Whirlpool ce da aka fara a farkon shekarun 1980. An sayar da ita da sunaye da dama, ciki har da Kenmore da Roper. A cikin tsofaffin injuna babu wanda ya kai shi sauƙin gyara, kuma kayansa suna nan birjik saboda yawan da aka ƙera.

Idan ka ga bel biyu a can ƙasa, ɗaya mai kauri zuwa babban fuli, ɗaya siriri zuwa famfo, tsohon Maytag ne irin wanda aka riƙa ƙerawa a garin Newton na jihar Iowa a Amurka. Yawancinsa ƙarfe ne, yana da nauyi, yana da ƙarko. Whirlpool ya sayi kamfanin a 2006, aka rufe masana'antar Newton a 2007, shi ya sa wasu kayansa, musamman taima (agogon da ke tafiyar da matakan wanki), sun fara wuyar samu.

Iri na uku shi ne ƙirar Japan da Koriya: National (wanda yanzu ake kira Panasonic), Toshiba, Hitachi, Sharp, LG, Samsung. Waɗannan ba su da dogon maburgi a tsakiya, faifai ne a gindin kwandon yake juyawa dama da hagu. Bel ɗaya ne gajere, kwandon yana rataye a kan sanduna huɗu masu sifirin, kuma yawancinsu allon lantarki ne ke tuƙa su maimakon taima.

Me ya lalace?

Kafin ka taɓa komai, zare fulogi daga bango, ka rufe kan famfo. Injin wanki ruwa ne da wuta a akwati ɗaya.

| Alama | Inda za a fara dubawa | Nauyin gyara |
|---|---|---|
| Ruwa ba ya shiga, ko yana shiga kaɗan-kaɗan | rariyar bakin bawul, koyil ɗin bawul | sauƙi |
| Ruwa ya cika har ya zuba | siririn tiyon iska, makunnin matakin ruwa, bawul da ya maƙale | sauƙi |
| Yana wanki, ba ya matsewa | makunnin murfi | sauƙi |
| Moto na gudu, ruwa na fita, ba wanki ba matsewa | robar haɗin moto da giyabos, ko bel | sauƙi |
| Moto na gurnani ba ya juyawa | kafasita, ko wani abu ya toshe famfo | sauƙi zuwa matsakaici |
| Yana matsewa a hankali, kaya na fita jiƙe | kuloci, bel da ya saki, magudanar da ta toshe | matsakaici |
| Yana tsayawa wuri ɗaya a kowane wanki | taima ko allon lantarki | ya danganta da samun kaya |
| Ruri mai ƙarfi lokacin matsewa, ruwa na ɗiga daga tsakiya | sil (robar da ke tsare ruwa) da boris na tsakiya | nauyi |
| Baƙin mai a ƙasa ko a jikin kaya | giyabos | nauyi |
| Tsatsa ta huda bahon waje (wanda kwando ke cikinsa) ko gindin inji | babu gyara mai ɗorewa | a bar shi |

Layuka biyar na farko su ne mafi yawan abin da ke tsayar da waɗannan injuna, kuma duk ƙananan kaya ne. Layuka uku na ƙarshe su ne suke kashe inji da gaske.

Game da ruwan da ke cika ya zuba, akwai gwaji mai sauƙi da zai raba maka gardama. Yayin da ruwa ke shiga, zare fulogi. Idan ruwan ya tsaya, bawul lafiyarsa lau, matsalar tana wajen matakin ruwa. Idan ya ci gaba da zuba, bawul ne ya maƙale a buɗe, sai canji. Matakin ruwa kuwa da iska yake aiki: ruwa yana hawa a baho yana matsa iskar da ke cikin wani siririn tiyo, iskar ta tura makunni. In tiyon ya huje ko dattin sabulu ya toshe shi, injin ba zai taɓa sanin ya cika ba. Cire tiyon daga gefen baho ka hura a hankali, ya kamata ka ji makunnin ya yi "ƙas".

Hanya ta farko: gyara da hannunka

Wannan hanya ita ce mafi araha, kuma a kan ƙananan matsaloli babu abin da mai gyara zai yi da ba za ka iya ba. Kayan aikin su ne sukudireba iri biyu, filaya, saitin sifana, da mita mai auna wuta. Injunan Amurka notinsu da inci ake auna su, ba da milimita ba, sifanar da ba ta zauna daidai ba kuwa cinye kan noti take yi.

A Whirlpool marar bel, ana kwance sukuru biyu da ke riƙe da allon maɓallai, a kifa shi baya, a zare fulogin makunnin murfi, a ɓalle maƙalai biyu masu sifirin, sai duka rigar injin ta taso gaba ɗaya, komai ya fito fili. Robar haɗi mai lamba 285753A gida uku ce: filastik biyu masu yatsu uku-uku da baƙar roba a tsakaninsu. Da gangan aka yi ta ta karye idan an cika kaya, don kada moto ko giyabos su ƙone. Alamar ta tafi ita ce garin baƙar roba a ƙasan injin. Ɓalle maƙalan famfo ka ture shi gefe ba tare da cire tiyo ba, ɓalle na moto, zaro shi, ka sa sabuwa. A buga filastik ɗin a hankali har ya yi daidai da bakin sandar, kada ya wuce, kada ya rage. Idan kuma rabin maburgi na sama ne yake juyawa kowane gefe babu riƙo, 'yan haƙora huɗu ne a cikinsa suka cinye, lambarsu 80040, noti ɗaya ake kwancewa a kai gare su.

A Maytag, bel biyun suna fita ba tare da sifana ba, domin moton yana kan wani keke mai sifirin da ke zamewa gaba da baya. Amma akwai tarko a nan. Babban bel ɗin, 211125, shi ne kulocin injin: an saƙa masa riga ta musamman don ya riƙa zamewa kaɗan har kwandon ya ɗauki gudu. Wanda ya sa masa bel na mota don tsawonsu ɗaya, bel ɗin zai kama gam, moto ya yi zafi ya yanke. Na famfo, 211124, ana saita shi ne ta yadda in ka matse gefensa biyu a tsakiya za a bar tazarar kusan milimita 6. In an ja shi da yawa yana janye moto ya hana babban bel aiki. A duba kuma ko keken moton yana zamewa, domin in ya cije da datti, matsewa za ta yi rauni ko da bel sabo ne.

A masu faifai, abu uku ne suka fi yawa. Moto na gurnani amma in aka ɗan tura faifan da sanda sai ya kama juyi: kafasita ce. A sauke cajinta kafin a taɓa bakinta, don tana riƙe wuta ko bayan an zare fulogi, sannan a sayi mai daidai lambar da ke jikinta, in 12 µF ce to 12 µF. Na biyu, ɗan ƙaramin moton da ke jan bawul ɗin fitar da ruwa. Shi ne kuma ke sakin birki, saboda haka in ya mutu, ba zubar da ruwa, ba matsewa. Na uku, haƙoran tsakiyar faifai su cinye, sanda tana juyawa faifai yana tsaye. In ka cire faifan, ka kwashe tsabar kuɗi da fil da suka taru a ƙarƙashinsa. Sandunan rataya kuwa, in injin ya fara dukan bango lokacin matsewa, huɗun ake canzawa tare.

Ƙarko bayan irin wannan gyara yana da kyau, muddin an kawar da abin da ya jawo lalacewar. Robar haɗi da aka canza yau za ta sake karyewa in aka ci gaba da danna barguna uku a wanki ɗaya.

Haɗarin da ya fi kowanne shi ne haɗe wayoyin makunnin murfi don injin ya yi aiki ba tare da shi ba. Kwandon Whirlpool yana zagaye 640 a minti ɗaya. Hannun da ya shiga a wannan gudun karaya ce, musamman a gida mai yara. Makunnin yana cikin kaya mafi araha a jikin injin, babu dalilin barin sa a haɗe.

Hanya ta biyu: mai gyara da garambawul

Sil da boris na tsakiya, giyabos, da birki, aikin mai gyara ne. Sai an cire maburgi, an kwance babban notin da ke riƙe da kwando da sifana ta musamman da guduma, an ɗaga kwando, wani lokaci har da bahon waje. Shekarun sabulu da tsatsa sukan haɗe kwando da sandarsa har sai an sha fama. A Maytag wannan noti zarensa na hagu ne, wato dama ake juya shi ya kwance, wanda bai sani ba sai ya yi ta ƙara ɗaure shi. Birkin kuma akwai sifirin mai ƙarfi a matse a cikinsa.

Sil da boris tare suke tafiya. Sil ne yake fara yoyo, ruwan ya gangara ya wanke giris ɗin boris, boris ya yi tsatsa ya fara ruri. Mai gyaran da ya ce zai canza ɗaya ya bar ɗaya, aiki biyu zai sa ka biya. Haka kuma in sandar da sil ɗin ke zama a kai ta yi ramuka, sabon sil ba zai daɗe ba.

A nan kuɗin aiki yakan fi kuɗin kaya. Ƙa'idar da aka saba ita ce in gyara ya haura rabin kuɗin sabo, a bar shi. Ga masu faifai da jikinsu siririn ƙarfe ne, wannan ƙa'ida daidai take. Ga Maytag ko Whirlpool da bahonsa ke da lafiya, ana iya ɗan wuce ta, domin injin da aka sabunta masa sil, boris da bel ya kusa komawa yadda ya fito, kuma babu allon lantarkin da zai ƙone gobe. Sharaɗin shi ne a ga cikin bahon da ido kafin a sayi kaya. A tambayi mai gyaran ko ya taɓa kwance irin wannan ƙira, a ce ya faɗi abin da zai canza ɗaya bayan ɗaya, a kuma karɓi tsofaffin kayan da ya cire. In ba haka ba, ana iya ƙarewa da gyaran gangar Auzinawa.

Taima tana da nata hukunci. Ɗan moton da ke tura ta in ya mutu ana canza shi, bakunan da suka ƙone ana iya goge su su ƙara ɗan lokaci, amma in filastik ɗin cikinta ya karye sai wata mai lamba ɗaya sak. Karyewar takan zo ne daga juya maɓallin baya, ko juya shi injin yana aiki. Allon lantarki na masu faifai kuwa a cikin danƙo aka binne shi don tsare shi daga ruwa, shi ya sa canza shi ake yi, ba kasafai ake gyara shi ba.

Hanya ta uku: na hannu irinsa

Amfaninta biyu ne: kuɗi kaɗan, kuma in ƙirarsu ɗaya, naka na dā ya zama rumbun kayan gyara. Moto, famfo, taima, bawul da maburgi duk suna nan a ajiye. Sau da yawa wannan ce kaɗai hanyar samun taimar da aka daina ƙerawa.

Haɗarin shi ne sayen matsalar wani. Kada a biya sai an ga injin ya yi wanki ɗaya cikakke da ruwa da kaya a ciki. A saurari matsewa, a leƙa ƙasa da tocila a nemi ɗigon mai da layin tsatsa, a kama bakin kwando a girgiza a ji ko yana kaɗawa a kan sandarsa. A karanta allon wuta kuma. Injin da aka yi wa Amurka 120V ne da 60Hz (Hz shi ne yawan sauyin da wuta ke yi a daƙiƙa ɗaya). A ƙasar da wutarta 220 zuwa 240V ce da 50Hz, taransifoma mai ƙarfi za ta rage masa wutar, amma ba ta canza Hz. Moto zai rage gudu da kashi ɗaya cikin shida ya riƙa ɗaukar zafi, taima ma ta yi jinkiri, wankin minti 30 ya koma 36.

Hanya ta huɗu: sabo

Sabo yana zuwa da garanti, yawanci shekara 1 a kan duka injin, kuma yana rage ruwa sosai. Tsohon mai maburgi yana shan kusan lita 150 a cikakken wanki, mai ƙofa a gaba kuwa wajen lita 50 zuwa 60. Mai ƙofa a gaba yana matsewa da zagaye 1,000 zuwa 1,400 a minti, kaya su fito kusan a bushe. Sai dai wankinsa yana ɗaukar awa ɗaya zuwa biyu inda tsohon ke gamawa cikin minti 40, kuma allon lantarki ba ya jure wutar da ke hawa tana sauka. Yawancin sababbin masu murfi a sama ma yanzu allo ne da na'urorin ji da makullin murfi, ba su gaji ginin tsofaffin ba.

Akwai kuma mai baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsewa. Shi ne mafi araha, taimarsa ta sifirin ce, ana iya cika shi da bokiti. Wannan yana da muhimmanci inda ruwa ba shi da ƙarfi, domin bawul ɗin injunan Amurka yana neman matsin ruwa kusan bar 1.4, wato tankin da aka ɗaga sama har mita 14. Aibinsa sai an tsaya a kansa ana kwashe kaya daga wannan baho zuwa wancan.

| | Kuɗi | Ƙarko | Wahala | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Gyara da hannu | kaɗan ƙwarai | mai kyau in matsalar ƙarama ce | awa 1 zuwa 2 | jan wuta, kuskuren gano matsala |
| Garambawul | matsakaici zuwa mai yawa | mai kyau ƙwarai in baho na da lafiya | sai gwani | mai gyaran da bai san ƙirar ba |
| Na hannu | kaɗan zuwa matsakaici | ba tabbas | ɗauko da gwaji | ɓoyayyen lahani, bambancin wuta |
| Sabo | mafi yawa | ya danganta da allo da wuta | babu | gyara mai tsada bayan garanti |

Wa ya dace da wace?

Mai Whirlpool marar bel ko Maytag mai bel biyu, wanda matsalarsa ke cikin layuka shida na farko, ya gyara, ko da hannunsa ko da mai gyara na kusa. Ya haɗa da canza tiyon shigar ruwa in sun wuce shekara 5, ya kuma tabbatar wayar ƙasa, wato wayar tsaro daga jan wuta, tana haɗe da jikin injin.

Gida mai yawan jama'a, ko mai wankin kayan aiki masu ƙasa da maiƙo, inda ruwa ba matsala ba ne, garambawul ya dace da shi ko da sil da boris ne suka tafi, in dai baho bai huje ba.

Mai injin faifai da giyabos ko allonsa ya mutu, kuɗin gyaran ya kusa rabin na sabo, ya bar shi. Jikin waɗannan bai kai a zuba masa irin wannan kuɗi ba.

Wanda taimarsa ta karye kuma babu ita a kasuwa, na hannu mai lamba ɗaya ne mafitarsa.

Inda ruwa ke da tsada ko ake sayensa, mai ƙofa a gaba zai mayar da kuɗinsa a hankali, amma a haɗa shi da na'urar daidaita wuta. Inda wuta ba ta da tabbas kuma ruwan famfo ba shi da ƙarfi, mai baho biyu ya fi duka.

Injin da tsatsa ta huda bahonsa ko ta ci gindinsa kuwa, a cire moto, taima, famfo da bawul a ajiye ko a sayar, sauran a kai wa masu sayen ƙarfe.